Fulgence Cabirol, Mai Gaba da Birki

Duk wanda bai san Fulgence Cabirol ba a garin Saint-Étienne na ƙasar Faransa, to baƙo ne ko kurma. Shi ne Uban Mota, Gagara-Iska, wanda ya ce ƙafafun ɗan Adam kuskure ne da shi aka turo ya gyara. Waɗannan sunaye duk shi ya raɗa wa kansa, don ya rage wa jama'a wahala.

Da can kekuna yake ƙerawa a wata rumfa bayan kasuwar gawayi. Da ya ji ana yayin keken da ke tafiya ba doki, sai ya haɗa ƙafa huɗu da inji, ya rubuta sunansa a gaba da baya da gefe, har da ƙarƙashi, saboda wanda motar ta bi ta kansa shi ma ya san wa zai gode wa. Tun daga ranar ya daina cire rigarsa ta fatar akuya da tabaran tsere. Da su yake cin abinci, da su yake zuwa coci. Gwano ba ya jin warin jikinsa, amma waɗanda ke zama kusa da shi ranar Lahadi suna ji.

Abu ɗaya ne ya hana shi sakewa: Anatole Mérindol, maƙerin motoci na ƙetaren titi, wanda motocinsa ke da wata muguwar ɗabi'a ta kai mutum inda za shi. Da aka shirya tsere zuwa Valcroze, garin da ke rataye a jikin dutse, kuma aka ji wani kanar na soja zai zaɓi motocin rundunarsa daga hannun wanda ya ci, sai Cabirol ya tara ma'aikatansa ya hau kan akwati.

"Ya ku 'ya'yana! Gudu gaba yake, nauyi baya. Ku cire kujerar nan, ku cire fitilu. Wannan ƙarfen kuma na mene ne?"

Théodule, ƙanin matarsa, wanda zai zauna gefensa yana zuba wa injin mai, ya ce, "Yaya, birki ke nan fa."

"Birki! Ƙarfen matsorata! Ni da na zo koya wa duniya tafiya, ni za a koya wa tsayuwa? A ɓalle shi, a kai wa Mérindol kyauta."

"To yaya, in mun isa fa?"

"In mun isa, tarihi zai tare mu."

Théodule ya je ya yi sallama da yayarsa kamar mai tafiya yaƙi. Ita kuwa ta ɗaure masa burodi da cuku, ta ce in ya ga abin ya ɓaci ya yi tsalle, miji ɗaya ya ishe ta asara.

A faɗi gaskiya ko don Allah: mutumin ya yi gudu. Ya wuce Mérindol tun a hawan farko, har ya cire hula ya gaishe shi. Kaji sun watse, wani limamin ƙauye ya faɗa kwata da jakinsa. Cabirol na tuƙi yana bitar jawabin da zai yi, yana tambayar Théodule ko ya fara da "Ya ku Faransawa" ko da "Ya ku 'yan Adam". Théodule kuwa bakinsa na wurin addu'a.

Valcroze ta yi kwalliya. Ga masu busa da ganguna, ga magajin gari da ɗamararsa, ga kanar yana murza gashin baki, ga kofin azurfa a kan tebur. Doka kuwa kowa ya san ta: wanda ya fara tsayawa gaban alƙalai shi ya ci.

Sai ga ƙura. Sai ga ƙara. Cabirol ya kashe inji, ya miƙe tsaye ya ɗaga hannu. Amma titin Valcroze gangare ne, gangare kuwa ba ya jin Faransanci. Motar ta ratsa dandalin kamar an harbo ta, ta yi gaba da tutar maraba. Abin da jama'a suka samu na jawabin bai wuce "Ya ku" ba. Sauran ya bi iska.

Magajin gari ya karkaɗe rigarsa ya ce, "Wane ne wancan?"

Kanar ya ce, "Ko wane ne, ba zan ɗora sojana a kai ba."

Can sai ga Mérindol ya iso a natse, ya taka ƙarfen matsorata, ya tsaya daidai bakin tebur, aka miƙa masa kofi. Sauri ya haifi nawa.

Shi kuwa Gagara-Iska gangare bai sake shi ba sai a gindin kwari, inda motar ta gaji don kanta ta tsaya a tsakiyar wata siririyar gada. Théodule ya sauka ya rungumi ƙasa yana kuka. Babu kowa a wurin sai wata tsohuwa da ta koro shanu. Amma jawabi ya riga ya nuna, dole a sauke shi. Cabirol ya gyara tabarau, ya hau kan motar, ya buɗe hannuwa.

"Ya ke baiwar Allah! Yi murna, yau idonki ya ga abin da jikokinki za su yi alfahari da shi. Gabanki ga mutumin da ya fi kowa gudu a ƙasar Faransa!"

Tsohuwa ta dube shi, ta dubi motar da ke ta hayaƙi, ta dubi shanunta da suka yi cirko-cirko.

Ta ce, "Madalla, ɗana. Tunda kana da sauri, yi maza ka janye tukunyar nan taka, shanu za su wuce."