Motar da ba ta lalace ba

Ba zan taɓa mantawa ba da abin da bakina yaj jawo mani wurin zaman makoki a Rabah, shekarar da na dawo gida Wurno. Shekara ashirin da ɗoriya nay yi ina yawon albasa, Legas, Kwatano, Kumasi. Na dawo da tumbi, da mota, da wani sabon ilimi da ba wanda yat tambaye ni shi: wai ni na san halin mutane. Can na saba da masu hwaɗin abin da suke so tsaf, su ce ba ni, ka ce babu, a rabu lahiya. Sai na riƙa zama majalisa ina yi ma mutanenmu hukunci. Wanga zurfin ciki gare shi, wancan girman kai. (Ana saurarena dai, don ni ka sayen goro.)

Wata hantsi sai ga Baba Sambo, aminin marigayi mahaihina, ya zo tun daga Rabah bisa babur ɗin haya. Mota yaz zo aro, a kai matatai Inna Kulu asibiti Sakkwato. Yanzu na san haka. Ranar kuwa na tambaye shi irin ta 'yan birni: "Baba, akwai abin da kaka so?"

Yac ce, "A'a, ɗana, gaisuwa ta kawai."

Munka sha hura. Yac ce jikin tsohuwa dai sai addu'a. Nac ce Allah shi ba ta lahiya. Yac ce an ce likitocin Sakkwato sun iya aiki. Nac ce ai bai ga na Kumasi ba. Yad dubi motar da daɗewa, yac ce, "Wagga ko mutum na iya kwantawa bayanta?" Jama'a, tashi nay yi na buɗe mai ƙohwa, na kwantar da kujera, na kunna mai sanyi. Har na ce shi shiga shi ji. Yas shiga kuwa, yac ce madalla. Da zai tahi na raka shi bakin hanya, na tare mai babur da hannuna. Da yamma na ba majalisa labari, nac ce tsohon nan mutumin kirki na, illa dai ba shi da hira.

Bayan kwana ukku anka ɗora Inna Kulu bisa babur, mutum gaba mutum baya, zuwa tasha. Kwana ɗaya tay yi asibiti tar rasu. Ajali na, na sani. Kowa ya hwaɗa mani, ni ma ina hwaɗa ma kaina.

Na tahi gaisuwa cikin motar, an wanke ta tana ƙyalli. Munka yi addu'a, anka shahwa. Sai wani ƙanen Baba Sambo, Malam Bello, yaj juyo gare ni cikin ladabi yac ce, "Alhaji, ashe an samu an gyara mota."

Nac ce, "Mi yas same ta?"

Yac ce, "Yaya yac ce ya iske ta lalace ran da yaz zo wurinka."

Mai hankali nan zai ja bakinai. Ni kuwa an taɓa motata. Na gyara zama nac ce, da ƙarhi, "Wagga? Tun da nas saye ta ba ta taɓa kwana hannun makanike ba!"

Wani bisa tabarma yad daina jan carbi. Sai lokacin, ina kallon huskokin mutane ɗaya bayan ɗaya, maganar kujerar baya tad dawo mani. Ashe tsohon ya koma gida hannu wohi, anka tambaye shi, yay yi ƙarya da hurhurarsa don kada a ce ɗan amininsa ya hana mota. Ni kuma na zo gaban jama'a, ran makokin matatai, na ƙaryata shi.

Baba Sambo bai ɗaga kai ba. Yac ce, "Tsuhwa ta, Bello. Wata mota nika nuhi." Ya sake ruhwa mani asiri, karo na biyu, ina zaune.

Na so in ce Baba, ai da ka hwaɗa mani. Allah ya taimake ni wannan karon bakin bai buɗe ba. Ai ya hwaɗa, ban dai ji ba. Irin tarbiyyarsu, roƙo ba ya hitowa ta ƙohwa, sai dai a aje maka shi gehe, in kai ɗan gida na ka ɗauka, in ba ka ɗauka ba kowa ya tashi da mutuncinai. Kara kenan. Da ita anka raine ni, na baro ta wata tasha.

Har ya rasu bai canza mani huska ba, ko Sallah bai daina aiko mani da zabi ba. Da zagina yay yi, da tuni na warke.

Yanzu in dattijo yac ce mani gaisuwa ta kawai, ni kan tsare shi da tambaya, wa ba shi lahiya, mi ka hwaruwa gida, har shi gaji. Kwanan baya wani a Goronyo yac ce, "Kai Alhaji, wallahi gaisuwa ta, sakar mani riga!" Ban yarda da shi ba har yau.