Tokar da Na Zuba a Ƙarƙashin Motar Habu

Ba zan taɓa mantawa da yammacin nan ba, har da waɗanda ke tsaye a ƙofar gida: ɗana Habu, matarsa Talatu, Iro bakanike daga Kura, sai maƙwabcinmu Ɗanjuma, wanda tumatirinsa ke cikin motar tare da namu. Da ni, ina zuba faɗa.

Motar tsohuwar jif ce, Habu ya saye ta a gwanjo wajen masu aikin kanal ɗin noman rani, lokacin soja ba su daɗe da karɓar mulki ba. Bayan babbar giyarta akwai wata ƙarama da ake sakawa in an hau kwalta, don inji ya huta. Sai man giya ya riƙa raguwa. Iro ya wanke ƙasan motar tas, ya barbaɗa toka a ƙarƙashinta. Inda ɗigo ya faɗa, nan yoyon yake: ko babbar, ko ƙaramar. (Wannan bayanin daga baya na ji shi. Ba a gaya mini ba, ni ma ban tambaya ba. A gidan nan ni ake tambaya.)

Ni kuwa ba na ganin ƙazanta in wuce. Ina idar da sallar asuba sai in zaga da tsintsiya. Na leƙa, ga baƙin ɗigo a kan toka, can wajen baya. Na yi masa abin da nake wa kashin kaji: na ɗebo toka a murhu, na rufe, na lallaɓa da tafin hannu. Kullum haka. Har ina tsaki, wai maza ba su san tsafta ba.

Iro ya yi ta zuwa yana durƙusawa, toka fes. Ya ce to ba yoyo, ƙila tun farko ba a cika man ba. Aka loda kwanduna, sai Zariya. Kafin Kwanar Dangora giya ta bushe, ta ci kanta. Tumatirin gida biyu ya wuni a rana ya zama ruwa. Motar ma janyo ta aka yi.

Da yammacin nan a ƙofar gida na ce, "Iro, tun kana yawo ba wando na san ka. Idon ne babu, ko aikin ne ba ka iya ba?"

Ya sunkuyar da kai. "Wallahi, Inna, ko ɗigo ban gani a tokar nan ba."

Talatu ta yi ƙasa da murya. "Inna, ba ita ce tokar da kike rufewa da safe ba?"

Ɗanjuma ya kama kallon sama. Habu ya ce, "Ƙaddara ce, Inna." Da zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi. Gumin ranin yaran nan, da sunan Iro da na ja a ƙasa gaban mutane, har yau suna min nauyi. Tun daga nan, in na ga ƙazanta sai na fara tambayar mai ita.

Kafin ya tafi, Iro ya sake zuba mai, ya barbaɗa toka. Washegari na bar tsintsiya a ɗaki, na jawo kujera, na zauna gadin ɗigon ina korar kaji har Iro ya iso.

Na ce masa, "Ga shi nan, ɗana, wajen ƙaramar. Ban taɓa ba."