Inda Hannun Inna Ke Taɓawa

A ƙauyen Tudun Ɗorawa akwai wani gida mai mutum biyu, Inna Tasalla da autanta Sallau. Sallau ya ba shekara talatin baya. Ga ƙarfi, ga ladabi, ga son tambaya, sai dai duk abin da aka faɗa masa haka zai ɗauke shi ɗungurungum, ba ragi ba ƙari. Ita kuwa Inna yanar ido ta soma rufe mata gani, abin da take gani bai wuce fari da baƙi ba, shi ma dishi-dishi. Da ruwan bara ya rushe ɗakin girkinta sai ta koma girki a tsakar gida, har ta ƙone hannu sau biyu. Babbar 'yarta Lanti, wadda ke aure a birni, ta ce za ta sa a gina sabo, amma da sharaɗi: in an gama Inna ba ta iya girki ita kaɗai ba, to birni za ta tafi da ita. Tun da Sallau ya ji sharaɗin nan tuwo ya daina yi masa daɗi.

Wata rana Lanti ta turo hoto a wayar Baba Nomau magini, ta ce a miƙa wa Sallau. "Ka tsaya a kan aikin nan, a yi shi sak yadda yake a hoto," in ji ta. Sallau ya ƙura wa hoton ido. Ga bango mai haske, ga kanta ta tsohon katako, ga tukwane a rataye, ga kuma wata kyanwa kwance gefen murhu. Ya ce, "Baba, su masu ɗakin nan, kyanwar suka fara kawowa ko murhun?" Magini ya yi dariya bai amsa ba, kuma wannan shi ne kuskurensa. Washegari da ya zo haƙa harsashi ya tarar da kyanwar maƙwabta ɗaure a tsakiyar fili tana ta zage-zage da yarenta. Ya sunkuya zai kwance ta, ta yage masa hannu. Sallau ya ce, "Baba, a hankali, a hoton ta ɓangaren hagu take."

Wata rana kuma, bayan bango ya tashi, Lanti ta ce ba ta son sabon katako a kantar ɗakin, a nemo wanda ya fi kowanne tsufa. Sallau ya bi gari gida-gida yana tambayar shekarun ƙyaure da na turmi, har aka shaida masa cewa bencin da dattawa ke zama a gindin tsamiya ya girmi Mai Unguwa. Ya jira suka shiga sallar azahar, ya saɓa shi a kafaɗa ya yi gida. Dattawa suka fito, ba benci. Suka zo suka same shi yana wanke shi da toka. Mai Unguwa ya ce, "Kai Sallau, wa ya aike ka?" Ya ce, "Yaya ce. Amma ranka ya daɗe, da gaske ya girme ka? Da shekara nawa?" Don tausayin Inna suka bar masa, har yau kuwa a tabarma suke hira suna mita.

Wata rana aka yi daɓe. Baba Nomau ya tsaya a bakin ƙofa ya ɗaga murya, "Kada kowa ya taka daɓen nan sai bayan kwana uku!" Ya yi tafiyarsa, bai lura Sallau na can ciki a ƙurya, tsaye a kan turmi yana shafe bango ba. A kan turmin nan Sallau ya yi kwana ukun, Inna na laluben taga tana miƙa masa kunu tana roƙonsa ya fito. Wata kaza ta shigo ta yi ta sintiri a gabansa, yana yi mata nasiha ba ta ji. Sawunta na nan har gobe.

Wata rana, ana saura kwana huɗu Lanti ta iso, aka shafe bango da farar ƙasa, aka jera kaya. Lanti ta bugo ta ce saura ado. "Ka samo makuba, ruwan ɓawon ɗorawan nan mai baƙi-baƙi. Ka shafa a inda hannun Inna ke yawan taɓawa, don kada dauɗa ta nuna." Ita dai bakin ƙofa da gefen kanta take nufi. Shi kuwa Sallau sai ya ɗauki guntun gawayi ya shiga bin Inna. Tana lalube a sabon ɗaki, yana ɗiga alama a bayanta, yana mamakin yadda hannun mutum ɗaya ke da wuraren zuwa haka. Ran Juma'a da hantsi Inna ta tafi barkar haihuwa, ya jawo ƙwaryar makuba da tsumma ya duƙufa.

Da la'asar Lanti ta sauka daga mota, ta leƙa ɗaki, ta dafe kai. Baƙin tambari ne birjik a farin bango, tun daga ƙofa har murhu, a jere daidai tsayin hannu. Bakin randa baƙi, mariƙin ludayi baƙi, murfin gwangwanin gishiri baƙi. Ta ce, "Innalillahi! Sallau, ka kashe ni. Wannan kicin ne ko fatar damisa? Inna, haɗa kayanki kawai."

Inna kuwa dawowarta ke nan daga barka. Ta tsaya a bakin ƙofa tana ƙifta ido, sannan ta taka ba tare da ta miƙa hannu ba. Ta bi tamburan nan ɗaya bayan ɗaya, ta ɗebi ruwa a randa, ta ciro ludayi, ta buɗe gishiri, ta ɗora tukunya daram a kan murhu. Ta ce, "Ke 'yar nan, rabona da ganin hanya a ɗaki tun bara. Zauna in yi miki miyar kuka."

Lanti ta zauna a bakin ƙofa. Sai a lokacin ta lura da wani baƙin tambari, ya fi duk sauran girma, a kafaɗar farar rigar ƙanenta.

"Wannan kuma fa na mene ne?"

Sallau ya ce, "Ai nan ta fi taɓawa, Yaya."

Lanti ta kau da kai tana goge ido da bakin mayafi. Ran Lahadi ita kaɗai ta hau mota.