Buhunan Rairayi a Makon Wasanni

Ba zan taɓa mantawa da wannan yini ba, ko da Allah zai ƙara mini wasu shekarun a kan waɗanda na riga na ci. Ranar ce na tara jama'a mafi yawa a rayuwata, kuma ranar ce na yi fatan ƙasa ta tsage in shige.

A lokacin ina malamin lakwal, wato makarantar boko, a Tasawa, ana kirana Mushe kamar yadda ake kiran malaman boko, makullin ɗakin karatu na gari kuma yana hannuna. Soja ke mulki, damina ta ƙi shekara biyu a jere. Mutanen karkara, daga Kona har can yankin Mayahi, sun baro gonakinsu sun kafa bukkokin kara da tsumma a bayan gari. Kullum da sassafe sukan ja layi a bakin magaza, wato siton hukuma, inda ake rabon jar dawar taimako. Ƙa'idar layin kowa ya san ta: wanda ya tashi daga gurbinsa ya rasa shi, in dawar ta ƙare kuwa sai a jira wata mota, wadda babu mai sanin ranar zuwanta.

Duk da haka, da sanyi ya shigo, kumandan mai mulkin gari, wani matashin kaftin mara yawan magana, ya ce sai an yi makon wasanni kamar kowace shekara, kada a ce gari ya mutu. Masu gurmi da kukuma suka yi kwana biyu suna yi wa kujeru kiɗa. A ɗakin karatu 'yan lakwal suka karanta littattafai a bainar jama'a, jama'ar da ba ta cika benci biyu ba, su ma ɗumin ɗaki ne ya kawo su. Saura wasan kwaikwayo, teyatur a bakinmu na 'yan boko, wanda aka danƙa mini. Na ce a raina gazawar nan ta wasu ce, ba za ta shafe ni ba. (Ku yi mini uzuri: a zamanin nan na yi imani cewa duk ƙasar babu mai jera Hausa kamata.)

Labarin da na rubuta na wani attajiri ne da ya ɓoye hatsi, talakawa suna kuka, har soja suka zo suka fasa sitonsa suka raba wa kowa. Don abin ya yi armashi, na roƙi mai gadin magaza ya ara mini buhunan taimako da aka juye, masu tambarin ƙasashen waje, na sa aka cika su da rairayi aka ɗinke. Da rana tsaka aka ɗora su a kan amalanke, aka ratsa kasuwa da su zuwa filin gidan matasa.

Iliya kafinta, dattijo ne a ƙaramin cocin gari, shi ke haɗa mini dandamali. Ya aje guduma ya dube ni.

"Mushe, waɗanga buhunan magaza ne hwa."

"Na sani, Iliya. Don haka na aro su. Wasan da bai yi kama da gaskiya ba ai wasan yara ne."

"Mutane sun bi amalanken da ido tun daga kasuwa."

"To madalla, talla ce ba ko sisi."

"Mu bana ko ƙwaryar hura ba mu gittawa da ita a titi sai an lulluɓe."

Na ce masa shi ya san katako, ni na san wasa. Ya ɗauki gudumarsa ya ci gaba da aikinsa.

Da yake babu gazuwal na injin wuta, bayan azahar aka sa wasan. Da na iso sanye da babbar rigata, sai na tarar fili ya cika maƙil, har bisa katanga. Tsofaffi, mata da goyo, magidanta sun takure cikin mayafi saboda ɗari, kowa zaune tsit, da ƙwarya ko kwano a cinya. Na ga ƙoran da idanuna biyu. Na ce ai halin mutanen ƙauye ne, ba sa rabuwa da kayansu. Na rantse har tausayin masu gurmi na ji.

Kumandan ya zauna a gaba. Na hau dandamali na yi jawabi mai tsawo, na kawo tarihin wasa tun daga 'yan kama, sannan na rufe da kalmomin da har yau sukan hana ni sakewa: "Jama'a, yau idanunku za su ga adalci, kuma babu wanda zai koma gida yadda ya zo." Sai na ji hayaniya ta tashi, mata suna "Allah ya amsa, Allah ya ji ƙan iyaye." Na sauka ina rangaji.

Aka fara. Attajiri ya yi duk barkwancin da na ɓata dare da rana ina sassaƙawa, babu wanda ya ko murmusa. Idanun kowa suna kan buhunan da ke jibge a bayansa. Can 'yan wasa masu kakin aro suka fasa ƙofar sito, shugabansu, Mushe Sani abokin aikina, mai murya kamar tambari, ya juyo ya faɗi abin da na rubuta masa: "Talakawa, ku matso, yau kowa zai ci!"

Talakawan da nake nufi mutum biyar ne a gefen dandamali, da toka a fuska. Amma filin gaba ɗaya ya miƙe. Ba su yi turereniya ba, da ma sun yi da ya fi mini sauƙi. Layi suka ja, tsaf, kamar yadda suka saba. Wata tsohuwa, siririya kamar kara, ta riga kowa. Ta hau matakalar da Iliya ya kafa tana dafa gwiwa, ta durƙusa gaban Mushe Sani ta miƙa ƙwaryarta. Shi kuwa ya daskare da wuƙa a hannu, yana nemana da ido. Da ta ga ya yi jinkiri sai ta ce, "Kawo in taimake ka, ɗana," ta warware bakin buhu da kanta, ta tura hannu.

Ta daɗe tana duban abin da ta damƙo. Ta tura hannu a buhu na biyu. Rairayin ya zuba bisa katako, har na bayan fili sun ji sautinsa.

"Wane ne mai rabon?" in ji ta.

Aka nuna ni. Ta sauko ta tsaya gabana.

"Malam, tun asuba nike layin magaza, saura mutum kaɗan a zo kaina aka ce a nan za a raba sabo. Ɗiyata ta haihu shekaranjiya, nononta bai kawo ba. Mi muka yi maka?"

Na buɗe baki. Ni da ban taɓa rasa magana ba, abin da ya fito shi ne, "Iya, ai teyatur ne."

"Ana ci nai?"

Kumandan ya tashi. Bai daka mini tsawa ba. Ya ce, "Mushe, kai ka kira su, kai za ka raka su." Haka na shiga gaba da babbar rigata, tsohuwar a gefena, jama'a a bayanmu, muka ratsa gari har magaza. Muka tarar an garƙame ƙofa. Dawar ta ƙare tun kafin la'asar, waɗanda ba su ji jita-jitar ba su suka kwashe. Mai gadi ya ce sai wata mota ta zo.

Babu wanda ya zage ni. Suka watse a hankali, kowa da ƙwaryarsa a kife. Tsohuwar na kai ta gidana, maiɗakina ta auna mata tiya biyu daga ɗan abin da ya rage mana, ba ta ko dube ni ba. Tsohuwar ta karɓa, ta yi wa maiɗakina godiya ita kaɗai. Da ta kai bakin zaure ta juyo ta ce, "Sauran mutanen hwa, Malam?" Ban san sunanta ba, ban kuma san ko jaririn ya rayu ba. Kwana tara motar ta yi kafin ta zo.

Ban sake rubuta wasa ba. Abin da na tsira da shi kaɗan ne, amma ga shi ga mai so: in ka ga taro ya cika dominka, kafin ka gyara murya, ka durƙusa ka tambayi mutum guda abin da ya kawo shi. Ni na yi jawabin kusan awa ɗaya ban tambaya ba.