Shaidar da Nafi'u Ya Kawo daga Sama

Hutun ƙarshen zango, jami'a ta tura Nafi'u sanin makamar aiki a wata cibiyar binciken sararin samaniya. Wata uku ya yi. Bai je duniyar wata ba, ko saman bene ma sau biyu ya hau, amma ya koyi buɗe hotunan da tauraron ɗan'adam ke ɗauka, ya jera na bana da na shekarun baya ya ga abin da ya sauya a ƙasa.

Ya dawo gida ya tarar rigimar iyakar gona tsakanin mahaifinsa, Alhaji Mamuda, da maƙwabcinsu Malam Tukur ta kai gaban dagaci. Layin gamba ne ya raba gonakin, kuma kowa ya rantse gambar nan tafiya take yi duk damina, ta ɓangarensa take ci. Kunya bakwai ake magana a kai.

Alhaji na jin aikin da ɗansa ya koyo ya ce, "Shi ke nan, ɗauko kwamfutarka." Nafi'u ya so ya fara dubawa a ɗaki, Alhaji ya ce mai gaskiya ba ya gwaji.

A zauren dagaci aka matso. Nafi'u ya buɗe hoton shekara biyar da suka wuce, ga kukar bakin hanya, ga layin gamba daidai gindinta. Ya buɗe na bana. Kuka dai tana inda take, ba ta saba yawo ba. Gambar ce ta yi gaba, cikin gonar Malam Tukur.

Nafi'u ya yi tari. Ya juya kwamfutar, wai ko arewa ce ta koma kudu. Ba ta koma ba.

Dagaci ya ce, "Malam Nafi'u, mu ba mu iya karatun sama ba. Me ta nuna?"

"Ranka ya daɗe... akwai alamar motsi."

"Motsin wa?"

Nafi'u ya saci kallon mahaifinsa, ya ce a hankali, "Baba, da mun ɗan fita waje."

Alhaji ya gane. Ya gyara babbar rigarsa ya ce, "Kai, wai abin nan daga ina yake ɗaukar hoton?"

"Kamar kilomita ɗari shida, Baba."

"Ɗari shida! Ranka ya daɗe, ka ji fa. Abin da ke can ƙuryar sama, ina shi ina ganin kunyar gona? Ai ya yi nisa."

Malam Tukur ya ɗago kai.

"Ni da nake tsaye a bakin gonar ka ce idona ya tsufa. Wannan kuma ka ce ya yi nisa. To Alhaji, don Allah nuna mana daidai inda kake so a riƙa tsayawa ana kallonka."