Ranar da Na Hana Moton Kawu Hayaƙi

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na ɗauki uwar saurayina a bayan babur ba, don har yau in na tuna sai na rufe fuska.

Babur ɗin na Kawu ne, irin ƙananan nan da mata ke hawa a Bawku, inda muke ce wa babur moto, tsoho tukuf, ga hayaƙi kamar an hura ɗanyen itace. Ni kuwa Allah ya yi ni da son jin ƙwaƙwaf. Ina ganin Kawu na tsiyaya baƙin mai a cikin fetur, sai na tsuguna na ce ya faɗa min dalili.

Ya ce injin bugu biyu gare shi. In fistin, wato ƙarfen da ke hawa da sauka a cikin injin, ya hau sama, yana matse fetur ɗin da ke kansa, yana kuma zuƙo sabo ta ƙasa. Fulogi ya ba da wuta, fistin ya faɗo, hayaƙi ya fice ta wata kafa, sabon fetur ya shigo ta wata. Ba shi da wurin ajiye baƙin mai daban, don haka a fetur ake haɗa masa, su ƙone tare. Abin ya burge ni ƙwarai, na yini ina kwatanta shi da hannu. Sai dai abu ɗaya na riƙe: baƙin mai ne ke kawo hayaƙi. (Me yake yi a ciki kafin ya ƙone? Wannan ban tambaya ba.)

Ana haka sai Mma Hajiya, mahaifiyar wanda nake so, ta aiko in kai ta suna a hanyar Kulungugu. Kowa ya san ba rakiya take nema ba, so take ta ga hankalina kafin a kai goro gidanmu. Na hango a raina farin leshinta cikin hayaƙin babur ɗin Kawu, sai na ƙudura in hana hayaƙin. Tankin ya kusa ƙafewa, na je wurin mai sayar da fetur a kwalba.

"Ba a sa oyil?" in ji shi, yana nufin baƙin mai.

"Zalla nake so," na ce, har da ɗaga kai.

Wallahi da farko sai da na yaba wa kaina. Hayaƙin ya yi ta raguwa har ya ɗauke. Mma Hajiya na baya tana ba ni labari, ni kuma ina tuƙi a natse kamar mai hankali. Can sai na ji zafi na dukan ƙafata. Injin ya soma wani kuka siriri, ya yi ƙiii, ya tsaya cak, daidai inda dillalan shanu ke zaune a ƙarƙashin bishiya. Na taka ƙarfen tayar da injin, na sake takawa, ko motsi.

Mma Hajiya ta sauka, ta buɗe tanki, ta tsoma yatsa ta murza. (Ashe da irinsa ta yi ta safarar albasa tun ban zo duniya ba.)

"Yarinya, wane ne ya sa maka mai nan?"

"Ni ce, Mma. Don kada hayaƙi ya ɓata miki kaya."

"Ka hana shi oyil? Ƙarfe da ƙarfe na guga, mene zai sa shi santsi? Ka kashe moto saboda leshi na!"

Dillalan nan suka bushe da dariya, ni kuwa na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Haka muka turo shi har gari, ina gaba tana baya, leshin da na so karewa ya yi jawur da ƙasa. Suna dai ba mu je ba. Kawu ya yi kwanaki ba ya amsa gaisuwata.

Tun daga nan, in na ga abu da aibi a fili kuma masu shi sun ƙyale, sai na tambaya kafin in gyara. Goro kam an kai. Amma na ji abin da ta gaya wa ɗanta: "Ka aure ta, zuciyanta na da kyau. Makulli dai kar ka ba ta."