Idon Inokuchi da Hannun Inokuchi

Garuruwa da yawa suna da teku, wasu suna da masana'antar kifi, amma Tomarizaki ce kaɗai take da Inokuchi Tokuzo. Mu da muka tashi a nan mun san irin sa'ar da muka yi. Ko da za mu manta, yana nan kullum a ƙofar shagonsa na tabarau domin ya tuna mana.

Sana'arsa auna idon mutane, amma baiwarsa auna 'yan wasan besbol, wasan da ɗaya yake jefa ƙwallo ɗaya ya buge ta da gora. Babbar ƙungiyar Zalɓe tana can birni, inda ake da manyan fitilu da talabijin. Mu aka bar wa ƙaramar, inda ake rainon samari har a kira su sama, ko kuma a sallame su su koma taya iyayensu noman shinkafa. Filinmu yana bayan tashar jirgin ƙasa, kuma rabin 'yan kallon tsofaffi ne da suka fito shan iska. A nan Inokuchi yake mulki, bisa kujerarsa mai naɗewa, da malafarsa, da madubin hangen nesa da bai taɓa ba kowa aro ba.

Duk farkon kakar wasa yakan fitar da sunayen gwanaye ashirin na gobe. Ba a jarida suke fitowa ba, domin a cewarsa jarida ba ta kai ba tukuna. A gilashin shago yake manna su, kuma ya tsara su kamar allon gwajin ido. Na ɗaya da harafi ƙato da za a karanta daga tsallaken titi, na biyu ya ɗan rage, haka suke tafiya suna ƙanƙancewa har na ashirin ya koma kamar tururuwa ta taka tawada. Iyayen yara sukan zo daga nesa su manna hanci a gilashi suna neman sunan ɗansu. Wanda ya kasa gani, sai Inokuchi ya fito cikin ladabi ya tambaye shi ko zai shigo a duba masa idon. Ba mu taɓa cewa da gangan ne ba.

A bayan idonsa muna kiransa Dama-Na-Faɗa, kuma da guminsa ya sami sunan. Idan aka kira wanda ya ajiye a na goma sha bakwai zuwa birni, sai ya ce dama ya faɗa, ya sa shi ƙasa ne don kada girman kai ya kama shi. Idan aka sallami na ɗayansa ya je ya buɗe shagon taliya, sai ya ce dama ya faɗa, yaron nan hannunsa ba irin na kowa ba ne. Yanzu haka cikin waɗanda suka taɓa zama na ɗaya akwai mai taliya, akwai direban motar kai kaya, akwai mai koya wa tsofaffi motsa jiki. Babu wanda ya taka filin birni. Amma taliyar tana da daɗi ƙwarai.

Ya fi son yin lacca a gidan wankan unguwa, inda mutum ba shi da halin gudu sai ya nemi tawul.

"Masu na'ura suna auna gudun ƙwallo," yakan ce, ruwan zafi har wuyansa. "Na'ura ta san ƙwallo, ni na san mutum. Kawo mini yaro ya rusuna wa fili sau ɗaya, ya ci kwanon shinkafa ɗaya a gabana, in gaya maka shekarar da zai yi ritaya. Ni ma ai na yi wasan nan. Da kun ga jifana da ake kira Ganyen Kaka, da ba ku sake kallon talabijin ba. Yana tahowa, yana lilo, sai ya faɗi inda ya ga dama."

Babu mai rai da ya taɓa ganin Ganyen Kaka. Uwargida Yonekura, mai sayar da soyayyen kifi kuma shugabar ƙungiyar magoya baya, ajinsu ɗaya a sakandare. Ta ce lallai yana cikin 'yan wasan makaranta, kuma butar shayin sha'ir ba ta taɓa rasa ruwa ba a zamaninsa. Shi kuwa ya ce nazarin wasa yake yi daga kusa. Abin da ke ƙasa dai shi ne, tun da aka haife shi alƙalin wasa bai taɓa ɗaga hannu a kan jifansa ya ce "Ta shiga" ba, wato jifa ya yi daidai. Mun san abin yana ci masa rai, domin duk wanda aka yi wa wannan kira a filinmu sai Inokuchi ya ɗan motsa kafaɗarsa ta dama.

Bana na ɗayansa wani ɗan tsibiri ne, Tsurumaki Sohei, mai lamba 127 a baya. Lamba mai harafi uku ta 'yan koyo ce, waɗanda ko gadon kwanansu ba su da tabbas a kansa sai ranar da aka rage musu harafi ɗaya. Tsurumaki mai bugu ne, dogo, mai ladabin da har yakan ba mutane kunya. An taɓa ganinsa yana ba ƙofa haƙuri bayan ya yi karo da ita. A ƙarƙashin sunansa Inokuchi ya rubuta: "Ba ya kai gora ga mummunan jifa, ko da kakansa ne ya jefa." Bai tsaya nan ba. Ya kira shi shago, ya auna masa ido kyauta, ya dafa kafaɗarsa.

"Yaro, na ɗora sunana a kanka, kuma sunana yana da nauyi. Ƙwallon da ta kauce, ka bar ta ta wuce. Ba ruwanka da wanda ya jefa ta, ba ruwanka da wanda ke kallo. Ka yi mini alkawari."

Tsurumaki ya yi alkawari, ya rusuna har goshinsa ya bugi kanta. Abin mamaki, wannan karon maganar gaskiya ce. Yaron yana da ido. Ƙwallo za ta wuce gefe da faɗin yatsa, ya tsaya yana kallonta kamar baƙuwar da ta ɓata hanya.

Sai ga bikin tsakiyar zafi, lokacin da ƙaramar ƙungiya take rabuwa biyu, Ja da Fari, ta yi wa gari wasa. Magajin gari, da aka sa ran zai yi jifan farko, ya murɗe ƙugu, mawaƙiyar da aka nema ta ce tana da uzuri, sai Uwargida Yonekura ta tsallaka titi ta ce wa Inokuchi ko zai yi jifan buɗe fili. Ya ce zai yi shawara. Kafin ta koma ta juya kifinta har ya buga waya a ɗinka masa riga mai lamba ɗaya.

Kowa ya san yadda jifan buɗe fili yake. Ko wa ya jefa, magajin gari ne ko 'yar makarantar raino, ko ƙwallon ta nufi sama ko ta bi ƙasa, mai bugu zai kaɗa gorarsa a iska ya kuskure da gangan, alƙali ya ce "Ta shiga," a tafa, a rusuna. Kara ce ake yi wa baƙo, kuma ba a taɓa fasawa ba. Wato dai abin da Inokuchi ya jira tun yana ɗaukar buta an kawo masa shi har shago a naɗe. Abin da ya rage masa kawai ya yi shiru.

Bai yi shirun ba. Ya shiga atisaye a lungun bayan shago har ya fasa wa matarsa Fumie tukunyar tsamin kabeji. Ya bi gidan wanka, da shagon aski, da layin jiran bas yana sanarwa.

"Wasu ana yi musu kara. Ni ba na son kara. Wanda zai tsaya gabana ya tsaya da gaske, domin Ganyen Kaka ba ya buƙatar taimakon kowa."

Da aka tambaye shi wa yake so ya tsaya masa, ya ce tambayar ma raini ce. Wa zai tsaya gaban hannu na ɗaya in ba ido na ɗaya ba? Ya je fili da kansa ya faɗa wa Tsurumaki, ya kuma tuna masa alkawari, a gaban sauran yara.

Gari duka ya hango ramin, ban da mai madubin hangen nesa. Fumie ce kaɗai ta gwada. Tana zuba masa miya ta ce, "Baban yara, in aka yi rashin sa'a jifan bai yi kyau ba fa? Ya buga ne ko kada ya buga?"

"Wannan tambayar ba ta taso ba," in ji shi, ya miƙa kwano a ƙara masa shinkafa.

Ranar wasa fili ya cika, har da masu sayar da ƙanƙara mai zaƙi. An ce ma wani kocin babbar ƙungiya yana zaune a baya da baƙin tabarau, wanda ba a shagon Inokuchi aka saya ba. Gwaninmu ya fito cikin sabuwar riga, ya rusuna wa gabas, ya rusuna wa yamma, ya hau tudun jifa. Ya girgiza wa mai cafe ƙwallo kai, alamar bai yarda da shawararsa ba, alhali bawan nan bai ba da wata shawara ba. Ya ɗaga ƙafa. Ya tsaya a haka har muka fara damuwa. Sannan ya saki.

A ƙarshe dai mun ga Ganyen Kaka, kuma dole a yi masa adalci, bai yi ƙarya a kan siffarsa ba. Ya taho, ya yi lilo, ya faɗi inda ya ga dama. Inda ya ga damar kuwa tsakiyar hanya ce. Daga nan ƙwallon ta gangara a hankali ta nufi wajen masu ƙanƙara, ta gaji, ta tsaya.

Duk ido ya koma kan Tsurumaki. Gumi yana zuba daga ƙarƙashin hular kwanonsa. Gorar ta motsa, domin uwarsa ta yi masa tarbiyya, kuma ɗan kirki ba ya barin dattijo a tsaye cikin rana. Sai ya dubi Inokuchi, mutumin da ya ɗora sunansa mai nauyi a kansa. Gorar ta koma kafaɗa ta zauna.

Alƙalin wasa ya duba hagu, ya duba dama, bai sami mai taimako ba. Ya ɗan ƙara jira ko yaron zai canza shawara. Daga bisani ya ce, "Ta kauce," da muryar mai sanar da rasuwa, ya cire abin rufe fuskarsa ya rusuna.

Gaskiya Inokuchi ya ba mu tausayi. Yana tsaye a kan tudu, hannunsa bai gama saukowa ba, rigar ta yi masa yawa a kafaɗa. Uwargida Yonekura ce ta fara tafi, muka bi ta da ƙarfi fiye da kima. Tsurumaki ya cire hula ya rugo har gabansa, idonsa ya yi ja.

"Malam, na cika alkawari."

Inokuchi ya gyara murya. Muka kasa kunne, domin mun san ba ya ba da kunya.

"Dama na faɗa," ya ce. "Jarrabawa ce na yi maka."

Kocin birni ya yi dariya har sai da ya cire tabarau ya share hawaye, amma bai ɗauke ido daga yaron ba har aka tashi. Kafin sanyi ya shigo aka rage wa Tsurumaki harafi ɗaya a baya, aka kira shi sama. Karo na farko a tarihin gilashin shago, na ɗaya ya zama na ɗaya. Jarida ma ta kai a ƙarshe. Ta tambayi yaron wa ya koya masa wannan haƙuri, shi kuma ya amsa da zuciya ɗaya, yadda ya saba.

"Malam Inokuchi mai tabarau na Tomarizaki ne. Ya ce kada in bi mummunan jifa, sannan ya nuna mini da hannunsa yadda mafi muni yake. Tun ranar, duk wanda aka jefo mini sai in ga da dama-dama."

Inokuchi ya kai shafin wurin masu buga takardu, aka sake tsara masa shi yadda ya saba. Sunansa a sama, ana karanta shi daga tsallaken titi. Maganar kada a bi mummunan jifa tana biye, ita ma ba laifi. Sauran kuwa ya ƙanƙance har ya fi na ashirin ƙanƙanta. Ya manna a gilashi, ya ja baya ya duba, ya gamsu.

Washegari Fumie ta ɗaura madubin ƙara girman rubutu a igiya, ta rataye shi a ƙofar shago, kyauta ga duk mai wucewa.